Ranar da Na 'Yantar da Albasar Baba Iro

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da yammacin da na tsaya a bakin gonar wani bawan Allah, wando a naɗe har gwiwa, ƙirji a buɗe, ina jiran a zo a yi mini godiya. Shekara wajen arba'in ke nan, amma har gobe in abin ya faɗo mini a rai ina cikin alwala, sai na manta ko na wanke fuska in sake daga farko.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, zamanin soja, aka turo ni koyarwa wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ƙauye ne na masu noman rani, ko'ina ka juya kanal ce da ƙananan magudanai, ruwa yana gudu a tsakiyar bazara. Ni kuwa ɗan birni ne, haihuwar cikin badala. Abin da na taɓa shukawa a duniya shi ne ƙwayar wake a gwangwanin madara muna aji uku na firamare, ita ma ba ta fito ba.

Kayana ba su da yawa: katifa, risho, rediyo, sai kwali guda na littattafai da ya fi sauran kayan duka nauyi. A jami'a na tara su, lokacin da muke da wata 'yar ƙungiya da ke zama a gindin bishiya bayan ɗakin kwana, muna kiran juna kwamared, muna raba biredi ɗaya mu shida. Akwai na ma'aikatan masana'anta da suka ajiye aiki rana ɗaya har gari ya tsaya cak. Akwai na manoman wata ƙasa mai ƙanƙara da suka kori masu gonaki suka raba ƙasar. Wanda na fi so shi ne na wasu sojoji da suka gaji da yaƙi, suka ajiye bindiga, suka ce ba za su ƙara harbin talaka ɗan'uwansu a kan rigimar manya ba. Duk na naɗe bangayensu da tsohuwar jarida don kada 'yan sandan ciki su gane. (Wane ɗan sandan ciki ne zai biyo ni ƙauyen da ko gidan waya babu? Amma a lokacin ina ganin gwamnati ba ta barci saboda ni.)

Abin da littattafan ba su gaya mini ba shi ne yadda yini yake da tsawo. Ana tashi daga makaranta, sauran malamai kowa ya haye babur ɗinsa, wasu Kura wasu Kano, a bar ni da ɗakin da aka ba ni a bayan ofishin shugaban makaranta. In dafa taliya da manja, in ci a tsaye, in wanke tukunya, in duba agogo in ga ko la'asar ba ta yi ba. Na gwada zuwa majalisar ƙofar masallaci sau biyu. Ina isa sai a tashi a ɗauko mini benci, su suna kan tabarma ni ina sama, hira kuma ta mutu. Kafin in zo maganar taki suke da kwandon tumatir da ranar ruwan wane. In na buɗe baki na ce wani abu a kan halin da ƙasa take ciki, sai su ce, "Haka ne, Malam," su yi shiru suna jiran in ƙara. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Girmama ni suka yi ta yi har na daina zuwa.

Sai na koma wata kwalbati da ke kan kanal a ƙasan makaranta. Bayan la'asar in ɗauki littafi in je in zauna. Da yake ba ni da abokin magana, sai na fara karantawa da ƙarfi ina juyawa zuwa Hausa, wai ina shirin ranar da jama'a za su taru in yi musu bayani. Wani lokaci har in miƙe tsaye ina wurga hannu. Ba kowa a wurin sai balbelu, su ma ƙwari suke nema.

Ana nan rannan sai ga wani dattijo a kan keke, siriri, da 'yar furfura a gemu, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Ya jingine keken, ya yi sallama, ya zauna a ɗaya gefen kwalbatin. Ya zaro goro daga aljihu ya ɓare ya miƙo mini rabi.

"Malam, me littafin yake cewa ne?"

Na ce a raina, shi ke nan, talakawa sun fara zuwa da ƙafarsu.

Baba Iro ke nan. Gonarsa tana nan gaba kaɗan da kwalbatin, 'yar madaidaiciya, albasa ce a ciki daga farko har ƙarshe. Tun daga ranar kusan kullum sai ya zo, daga la'asar har a kusa kiran magariba. Ni in yi ta karatu ina fassara, shi yana tauna goro yana kallon ruwa. Wani lokaci kansa ya sunkuya idonsa a rufe, in ce tunani mai zurfi yake yi. Jefi-jefi yakan jefo tambaya. Da na karanta masa yadda ma'aikata suka yi wata guda ba su shiga masana'anta ba, sai ya ce, "To a watan nan me iyalinsu suka ci?" Da muka zo kan sojojin da suka ajiye bindiga, ya ajiye goronsa, sannan ya ce, "Duk shekarun da suka yi a can, wa ya riƙe musu gonakinsu?" Ni kuwa sai in yi murmushin manya in ce, "Baba, za mu zo wurin." Ba mu taɓa zuwa wurin ba, don ba ya cikin littafin.

Har wasiƙa na rubuta wa wani kwamared ɗina a birni, na ce masa aiki ya kankama a karkara, mun kafa reshe. Ban gaya masa mu biyu ne a reshen ba, kuma ɗayan bai san an kafa shi ba.

Amma bari in faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Duk wannan surutu na reshe da wayar da kai, a baki ne. Abin da nake jira kullum shi ne ƙarar ƙararrawar kekensa daga kwanar makaranta. A duk faɗin garin nan shi kaɗai ne mutumin da yake zama kusa da ni ba a kan dole ba, shi kaɗai yake raba goro da ni. Ranar da bai zo ba, taliyar ma ba ta ciwuwa.

To, maƙwabcin gonarsa wani ne ana ce masa Alhaji Sabo, dillalin tumatir, yana da a-kori-kura guda da 'yan ƙwadago da ke masa aiki. Ban taɓa yin magana da shi ba ban da gaisuwa. Amma yana da tumbi, yana da agogon hannu mai sheƙi, yana da mota. A ma'aunina na lokacin, shari'a ta ƙare. 'Yar magudana ɗaya ce ke kai musu ruwa su biyu, kowa da ranarsa. Mai rana sai ya datse ɗaya ɓangaren da ƙasa, ya buɗe nasa, ruwa ya bi fangali-fangali har ya ƙoshi. Na san ranakun Baba Iro, don a ranakun yakan zo a makare, taɓon ƙafarsa ɗanye.

Sai na lura da wani abu. Ranar Baba Iro ta zo ta wuce, ruwa yana gonar Alhaji. Wata ranar tasa ta sake zuwa, ruwa yana gonar Alhaji. Tumatirin Alhaji kore shar, albasar Baba Iro kuwa ganye ya yi rawaya, ƙasa ta fara tsagewa. Ban gama haɗiye wannan ba, wata safiya ina leƙe ta tagar aji sai na hango 'yan ƙwadagon Alhaji su huɗu a cikin gonar Baba Iro, suna bin layi suna tattake ganyen albasar da ƙafa, suna kwantar da shi. Shi kuma Baba Iro yana tsaye a gefe, hannu a baya, yana kallo. Alli ya faɗi daga hannuna. Na ce an hana shi ruwa bai tashi ba, yanzu an turo a tattake masa, so ake ya gaji ya sallama gonar.

Za ka ce me ya hana in tambaye shi. Ai kuwa tambayar ke nan. Akwai babi guda a ɗaya daga cikin littattafan da ya yi bayanin cewa wanda aka daɗe ana dannewa ba ya iya faɗin an danne shi, tsoro da kunya sun riga sun ɗaure masa harshe, don haka ba magana yake buƙata ba, misali yake buƙata a aikace. Na ja layi a ƙarƙashin wannan da jan biro tun ina jami'a. Saboda haka maimakon in ce, "Baba, me ya sami albasarka?" sai na riƙa zaɓo masa wuraren da aka ƙwace wa manoma ƙasa ina karantawa da nauyin murya, ina kallonsa ta gefen ido. Shi kuwa yana ta taunar goronsa.

Daga nan kuma sai ya fara ɗauke ƙafa. Kwana uku a jere ban ji ƙararrawa ba. Na zauna a kwalbati ni kaɗai har rana ta faɗi, na dawo ɗaki ban iya karanta ko shafi ba. Na ce baƙin ciki ne ya kwantar da shi. Na ɗora wa Alhaji Sabo wannan ma. In za a tona zuciyata a ranar, ba ruwan nake so in dawo wa Baba Iro da shi ba, shi nake so ya dawo mini.

Na zaɓi ranar kasuwar Bunkure, don na san gari yakan watse, maza duk su tafi. Ana tashi daga makaranta na yi sallar azahar, na buɗe sito na ɗauko fartanya cikin waɗanda ɗalibai ke sharar fili da su. Na sa littafin sojojin nan a aljihun riga (kada ka tambaye ni amfaninsa a wurin ban-ruwa), na nufi gona.

Ba kowa. Ruwa yana ta shiga tumatirin Alhaji abinsa. Na naɗe wando, na yi bisimilla, na sa fartanya na fasa datsin da ya tare gonar Baba Iro, na kwashe ƙasar na toshe ɓangaren Alhaji. Ruwa ya juyo. Ina ganin yadda busasshiyar ƙasar nan take zuƙe shi tana 'yar ƙara, sai ƙwalla ta cika mini ido. Fangalin farko ya cika na fasa masa zuwa na biyu, na biyu zuwa na uku. Hannuna da bai saba ba ya yi bororo, ban damu ba, har daɗi na ji, na ce yau na zama ɗaya daga cikinsu. Da ruwa ya kai ƙarshen gona ban tsayar ba. Na ce kwanakin da aka hana ta ai sai ta rama. Na bar shi har ya kwanta ya rufe idon sawu, kwantaccen ganyen yana yawo a sama.

Sauran lokacin na yi shi ne wajen shirya jawabi. Na maimaita shi ya fi sau biyar, har na san inda zan ɗaga murya da inda zan ɗan dakata don a yi kabbara.

Bayan la'asar sai ga a-kori-kurar Alhaji ta dawo daga kasuwa, bayanta cike da mutanen gari da ya rage wa hanya. Hanyar ta bakin gonar take bi. Motar ta rage gudu, ta tsaya. Alhaji ya fito, babbar rigarsa fara ƙal. Mutane suka dinga dirowa ɗaya bayan ɗaya. Na hau kan kunyar da ta fi tudu, na dogara fartanya, na gyara murya.

"Alhaji, daga yau an daina. Ruwan nan ba na mai mota ba ne, na mai gumi ne. Dattijon da ke da gonar nan in ba shi da kowa, to yana da mu."

(Mu wa? Ni da fartanyar makaranta.)

Na ci gaba, na kawo maganar manoman ƙasar ƙanƙara, na kawo ta ma'aikata. Na lura ba wanda yake kallona, duk bayana suke kallo, bakinsu a sake. Na ce kwarjinin gaskiya ne ya hana su haɗa ido da ni. Na zo daidai inda na ware don kabbara, na dakata. Abin da na ji shi ne muryar Alhaji a hankali yana cewa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya dube ni.

"Malam, tun yaushe ruwan nan yake ciki?"

"Tun azahar," na ce, har da ɗaga haɓa.

Ya tuɓe babbar rigar ya jefa kan mota, ya cire agogon ya miƙa wa direba, ya zo ya zare fartanyar daga hannuna kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro. Ya faɗa cikin taɓo da tumbinsa da komai, ya toshe inda na fasa. Ya ɗago ya ce wa mutane, "Ku fasa ta can ƙasa ya samu hanyar fita. Wani ya ruga gari a kawo bokitai da ƙore, duk abin da aka samu."

Ina nan tsaye a kan kunya, sauran jawabin yana bakina. Wani daga cikin 'yan ƙwadagon Alhaji, magidanci ne mai suna Tanko, ya zo wucewa ta gabana yana naɗe hannun riga. Na riƙo shi na ce, "Me ya faru ne?" Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya tashi daga doguwar jinya.

"Malam, albasar da ta ƙosa ai ba a ba ta ruwa. Yaye ta ake yi. A ɗauke mata ruwa, a kwantar da ganyen, wuyanta ya bushe tana cikin ƙasa. Jibi za a cire ta. In ta sha ruwa yanzu ba ta ajiyuwa, daga wuya za ta fara ruɓewa."

Na ce, "Amma ranar ruwansa da aka ƙwace..."

"Shi ya bar wa Alhaji, tunda ba ya buƙata. Alhaji kuma ya ce mu je mu taya shi kwantar da ganye, don gwiwarsa na damunsa."

Ya zare hannunsa ya shiga ruwa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Kafin ka ce kwabo gari ya fito. Maza da fartanya, tsofaffin mata da ƙore da kwanonin sha, liman da kansa ya tattare riga ya shiga. Ana kwarfar ruwa ana watsawa waje, ana miƙa bokiti hannu zuwa hannu. Ana cikin haka sai na ji ƙararrawar da na kwana uku ina jira. Baba Iro ne ya dawo daga kasuwa, ya ɗauro damin buhunan da ya sayo na zuba albasa a bayan keke. Ashe kwana ukun nan shiri yake yi, yana gyara rumfar da zai ajiye ta har damina ta yi nisa albasar ta yi daraja.

Ya sauka, bai ko jingine keken ba, ya sake shi ya faɗi. Ya tsaya yana kallon gonar. Ya shiga a hankali, ya sunkuya ya tumɓuke albasa ɗaya, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye ta a kan kunya. Wani ya ce masa, "Malamin makaranta ne." Ya ce, "Na gani."

Na sauko na nufe shi, ban ma san abin da zan ce ba. Na buɗe baki, "Baba..." Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malam, ɗan matsa gefe, kana kan hanyar ruwa."

Na matsa.

Shekara huɗu ina karanta yadda jama'a ke haɗa kai, mai shi da marar shi, a zama tsintsiya ɗaya. Ban taɓa gani da idona ba sai ranar. Ga shi a gabana, mutum wajen arba'in, Alhaji kafaɗa da kafaɗa da ɗan ƙwadagonsa, ba shugaba ba jawabi, kuma abin da ya haɗa su shi ne kwashe ɓarnar da na yi. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya miƙo mini bokiti. Na ga wani kwano a yashe na sunkuya zan ɗauka, wata tsohuwa ta riga ni, ta ce, "Bari, Malam, kayanka za su ɓaci." Haka na tsaya a gefe hannu rabbana har aka kira magariba. Suka wanke ƙafa a kanal suka tafi masallaci tare, ni na bi ta bayan makaranta.

An cire albasar bayan 'yan kwanaki, aka shanya ta a rana, amma aikin gama ya gama. Wadda ta tsira dole aka kai ta kasuwa a lokacin da kowa yake kai tasa, aka sayar da ita yadda ta samu. Sauran ta ruɓe, aka tara ta a gefen gona. In iska ta juyo, warin har cikin aji, ina rubutu a allo ina shaƙar aikina. Na ji an sa mini suna Malam Ban-Ruwa, amma ko wannan ba a taɓa faɗa a gabana ba. Na yi ta jiran mai gari ya aiko a kira ni a wanke ni tas, ko na samu sauƙi. Ba a aiko ba. A hanya a gaishe ni, "Malam, ina wuni, ya ɗalibai?" a wuce.

Kwalbati kuwa na ci gaba da zuwa, ban san dalili ba. In zauna da littafi a rufe a kan cinya. Sati biyu ba ƙararrawa.

Ranar da na kasa daurewa na tambayi gidansa na je. (Ka lura, wata uku muna tare, sai da na tambaya.) Na same shi a zaure, ya baje 'yar ragowar albasar da ya bari ta gida, yana ware mai kyau da mai ciwo. Na durƙusa na fara ba da haƙuri. Da yake hali zanen dutse ne, haƙurin ma sai da ya zama jawabi, har da bayanin kyakkyawar niyya. Ya bar ni na kai aya.

"Ya wuce, Malam. Albasar da Allah ya rubuta ba za ta kai damina ba, ko ba kai ba wani abin ne." Ya jefa wata a kwandon ruɓaɓɓu. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Wata uku muna zaune, na san abin da mutanen ƙasar ƙanƙara suke ci da abin da sarkinsu ya yi musu. Gonata tana gabanka, taku ashirin. Ko sau ɗaya ba ka ce, Iro, yaya albasa ba."

Sai na ji bakina ya tambayi abin da bai kamata ba. Na ce, "Baba, to me ya sa kake zuwa?"

Ya dube ni, kamar yana auna ko zan iya ɗauka.

"A masallaci aka yi maganarka. Aka ce malamin makaranta yana zama a kwalbati yana magana shi kaɗai, har yana miƙewa yana nuna ruwa da yatsa. Liman ya ce ba komai ba ne, baƙunta ce da kaɗaici, wani ya riƙa zuwa yana zama da shi kada abin ya yi nisa. Gonata ce ta fi kusa."

Wato ni ina can ina rubuta wa birni cewa na fara farkar da talakawa, su kuwa talakawan sun wakilta mutum ya riƙa duba ni kada in zare.

Ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya ƙara da cewa, "Amma daga baya ni ma na saba. Labarin sojojin nan ya shige ni, ƙanena ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba." Wannan ma ban sani ba. Sau uku na karanta masa littafin nan daga farko har ƙarshe.

Ya turo mini tulin albasa da ƙafa ya ce, "Zauna ka taya ni. Wuyan za ka danna, in ya yi laushi ka jefa can." Na zauna na yi ta dannawa har aka kira salla. Da na miƙe zan tafi na waiwaya, sai na ga ya jawo tulin da na ware yana sake bi ɗaya bayan ɗaya.

Bai ƙara zuwa kwalbati ba. Ba fushi ba ne, in mun haɗu yakan tsaya mu gaisa har ya ba ni goro. Lokaci ne ba shi da shi kuma. Albasar nan ita ce abincin gidansa na shekara da takin damina, da ta tafi sai ya shiga neman aikin yini a gonakin mutane, da gwiwar tasa mai ciwo. A ƙarshen zango aka yi mini canjin wurin aiki, ni na nema. Ranar da zan tafi, motar da ta ɗauko kayana ta bi ta bakin gonar Alhaji Sabo. Ga 'yan ƙwadago a jere sun sunkuya suna tsinkar tumatir, na huɗu a layin Baba Iro ne. Ya ɗago, ya gane ni, ya ɗaga mini hannu, ya koma ya sunkuya.

Na zo garin da niyyar 'yantar da ɗan ƙwadago. Manomi mai gonar kansa na samu, ni na mayar da shi ɗan ƙwadagon.

Ban ce littattafan ƙarya suka yi ba, zalunci yana nan, na kuma gan shi iri-iri daga baya. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na ga wani a cikin wahala har jinina ya fara tafasa, sai in yi masa sallama tukuna, in ce yaya aiki, in kame bakina har ya gama ba ni amsa. Ba na ce hakan ya taɓa ceton kowa ba, amma dai ban sake jiƙa wa kowa albasa ba.